Ƙadangaren Anoli: Kowa da Mazauninsa a Kurmi

A cikin kurmin ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka, da tsibiran tekun Karibiyan, akwai wani ƙadangare da a ke kira anoli. Masana sun ƙidaya irinsa fiye da 400, a tsibirin Kyuba kaɗai akwai fiye da 60. Yawancinsu ƙanana ne, tsawon inci 5 zuwa 8 har da wutsiya, amma akwai wani babba a Kyuba mai kusan inci 20. Abincinsu ƙwari ne, kamar su tururuwa da gyare da gizo-gizo, manyan kuwa su kan haɗa da 'ya'yan itace.

Kamanninsa da halinsa

Anoli yana da faifan yatsu masu mannewa irin na tsaka, shi ya sa ya ke tafiya bisa ganye mai santsi ba ya zamewa. Namijin yana da wata fata a ƙarƙashin maƙogwaro, ja ko rawaya ko fara, wadda ya kan buɗe kamar mafici. Idan wani namiji ya matso gurbinsa, sai ya buɗe ta, yana gyaɗa kai yadda jan gwada ke yi a kan katanga. Da haka kuma ya ke neman mace. Ita macen ƙwai ɗaya ta kan saka a lokaci guda, cikin danshin ƙasa ko ruɓaɓɓen ganye. Waɗansu irinsa su kan sāke launi daga kore zuwa ƙasa-ƙasa saboda sanyi ko tsoro, amma ba hawainiya ba ne, danginsu ma dabam.

Yadda su ke raba itace

Ina dalili iri masu yawa haka su ke zaune a kurmi guda ba su kori juna ba? Dalilin shi ne sun raba wurin. Ernest Williams na Jami'ar Harvard ya bayyana wannan a shekarar 1972, yau kuwa masana suna kasa anolin manyan tsibiran gida shida. Akwai ƙato mai zama can ƙololuwar itace, da mai zama tsakanin rassa da ganye, da mai manne wa jikin itacen, da mai tsayawa kusa da gindi yana dira ƙasa ya kama ƙwaro, da mai rarrafe a kan siraran rassa, da kuma mazaunin ciyawa. Kowanne jikinsa ya dace da wurinsa. Na gindi dogayen ƙafafu gare shi don gudu da tsalle, na siraran rassa kuwa nasa gajeru ne, don kada ya faɗi.

Abin mamaki, an sami wannan rabo a Kyuba da Hispaniyola da Jamaika da Fwato Riko, ko da ya ke shidan ba su cika ba a biyun ƙarshe. Da aka bincika jininsu sai aka tarar mai siraran rassa na Jamaika ba ɗan'uwan na Kyuba na kusa ba ne. Zama a wuri iri ɗaya ne ya sa suka yi kama.

Sa'ad da baƙo ya shigo

Wannan tsari ya kan rikice idan mutane suka kai wani iri inda ba gidansa ba. Anoli mai launin ƙasa, ɗan asalin Kyuba da Bahamas, ya shiga jihar Fulorida ta Amurka, inda ya tarar da kore, ɗan gida. A shekarar 1995 masana suka saki baƙon a waɗansu ƙananan tsibirai na can don su ga abin da zai faru. Ba a daɗe ba koren ya ƙaura zuwa rassan sama. Bayan shekara 15 aka auna zuriyarsa, aka ga faifan yatsunsu ya ƙara faɗi.

Shi koren kuma, da aka kai shi tsibiran Ogasawara na Japan bayan shekarar 1960, ya cinye ƙwari da yawa waɗanda babu irinsu ko'ina a duniya sai can. Ya zama ƙadangaren bakin tulu, gama kawar da shi ba tare da an cuci sauran halittu ba aiki ne mai wuya, sai da tarko da shinge.

Saboda haka kiyaye kurmi ya ƙunshi abu biyu. Na fari, a bar shi da manyan itatuwansa da ƙanana da ciyawarsa, domin kowane hawa gidan wani ne. Na biyu, matafiya da 'yan kasuwa su lura da kayan da su ke ɗauka daga wata ƙasa zuwa wata, musamman dashen itatuwa, gama ƙwai ɗaya ɓoye cikin ƙasar tukunya shi ne mafarin ɓarna.