Farautar Rani A Ƙasar Gwiwa

Da an kau da amfanin gona a ƙasar Gwiwa, cikin masarautar Kazaure, sai samari su fita farauta da karnuka da gorori. A dā akan samu barewa da gada, har da gadu mai tonon gyaɗa, wanda Musulmi ba su cin namansa. Yanzu gonaki sun cinye daji, galibi sai zomo da gafiya.

Babbar ɓarna ita ce cinna wa daji wuta don a koro nama. Wutar takan lashe ciyawar da dabbobi za su ci kafin damina, ta bar ƙasa fili iska na kwashewa. Wanda ya ƙone abincin tumakinsa saboda zomo guda, lalle ya sayi nama da tsada.