Ƙaurar kwamfutocin biro: kaya sun tsaya a tsohon ɗaki

Ran Litinin da safe magatakarda ya kunna kwamfutarsa, ya rubuta sunansa kamar kullum, sai ya tarar da allo fayau: ba wasiƙun ran Juma'a, ba rahoton da darekta ke jira. Ashe a ƙarshen mako an maida kwamfutocin biron cikin wani sabon yanki. Yanki, a bakin masu wannan aiki, shi ne taron kwamfutocin da babbar na'ura guda ke riƙe da rajistar masu shigarsu, bisa tsarin Active Directory da Microsoft ya fito da shi a shekara ta 2000.

Na'urar kuwa ba ta san mutum da suna ba. Lamba ta sani, wadda ake kira SID, kamar yadda baitulmali ke biyan ma'aikaci da lambarsa. Sabon yanki kan ba da sabuwar lamba, shi ya sa Windows ta ɗauki magatakardan baƙo, ta buɗe masa ɗaki wofi. Takardunsa suna nan a tsohon ɗakin, izinin shiga ne ya rasa.

Wannan mai sauƙi ne: da manhajar USMT ake kwashe kayan a damƙa wa sabuwar lambar. Inda ake kuka shi ne takardun da aka kulle da tsarin EFS, domin mabuɗinsu na ɗaure da tsohuwar rajista. In aka yi garajen share ta ba a fidda mabuɗin ba, takardun suna iya kasa buɗuwa har abada.