Ruwan Ramukan Kuza A Jos: Na Wane Ne?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Jos ta ratsa Bukuru zuwa Barikin Ladi, idonsa ba zai kasa ganin tafkuna dama da hagu ba, ko wannensu da tulin jar ƙasa a gefensa. Baƙo sai ya zaci haka Allah ya halicci wurin. Alhali kuwa ramukan kuza ne da kamfanonin Turawa suka haƙa tun daga farkon shekarun 1900, babbansu kuwa shi ne Amalgamated Tin Mines of Nigeria. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, sai aikin manyan injuna ya mutu, ruwan sama ya cika ramukan, aka bar mutanen ƙasa da ɗaruruwan tafkuna, aka kuma bar su da tambayar da har yau ba a warware ba, watau wa ke da su.

Masu da'awa dai ba su da kaɗan. Iyalan Birom da aka karɓi gonakin kakanninsu don haƙa suna ganin tun da kamfani ya tafi, ƙasa ta koma hannun masu ita, har da ruwan da ya kwanta a kanta. Manomin rani kuma, wanda ya shekara da shekaru yana jan ruwa da inji yana shuka kabeji da karas da latas da tumatir don kasuwar Farin Gada, yana ganin guminsa ya ba shi haƙƙi. Ga makiyayi da garkensa, ga masunci, ga mata masu wanki, ga masu wankin kuza da hannu da suka gaji aikin kamfani.

Dokar ƙasa ma ta raba abin gida uku. Ma'adinai duka na Gwamnatin Tarayya ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna bisa amana. Sa'an nan Dokar Albarkatun Ruwa mai lamba 101 ta 1993 ta ce kowa na iya ɗibar ruwa kyauta don aikin gida ko shayar da dabbobi, amma daga ruwan da jama'a ke da hanyar isa gare shi. A nan gizo ke saƙar. Wanda ya mallaki takardar fili a bakin tafki ba ya bukatar ya ce ruwan nasa ne. Ya isa kawai ya ja katanga, hanya ta toshe, mai tulun da ya tsallaka ya zama mai keta haddi. A Rayfield, inda aka mai da wani tsohon ramin kuza wurin shaƙatawa, filayen kewaye sun yi tsada, gidaje kuma sai matsowa suke yi bakin ruwa.

Abin mamaki shi ne, yawan masu cewa "namu ne" bai kai ga samun mai cewa "ni zan tsare" ba. Tafkin da babu shinge shi ne juji mafi sauƙi, da dare a zo a juye shara a tafi. Gaɓar waɗannan ramuka kuwa a miƙe take, zurfinsu ba ya nunawa daga sama, shi ya sa sukan ci yara da dabbobi.

Cikin gari, Kogin Dilimi ne ke ɗauke da wannan kaya. Leda da tarkacen kasuwa da ruwan kwata duk cikinsa suke ƙarewa, ga gidaje an gina har kan gaɓa. Ruwan nan kuwa ba a Jos yake tsayawa ba, yana gangarawa Jihar Bauci, ya shiga Kogin Jama'are, ya nufi Tafkin Cadi. Wanda ya zubar da shara a Gangare, lambun wani ya ɓata a can ƙasa, mutumin da ba zai taɓa gani ba. Su ma manoman bakin Dilimi sun daɗe suna amfani da tokar juji a madadin taki, abin da ke nuna sharar tana da inda za ta yi amfani in da an tace ta an kai ta gona maimakon kogi.

A watan Yuli na 2012, bayan ruwan sama mai ƙarfi, madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo cikin dare, ta halaka mutum fiye da 30, ta rushe gidaje masu yawa. An yi ta maganar magudanun da shara ta cushe da gine-ginen da suka tare wa ruwa hanya. Damina na wucewa, masu lambu suka mai da injunansu bakin kogi, shara kuma ta ci gaba da taruwa a ƙarƙashin gadoji.