Yadda Waƙa da Wasanni Ke Hana Legas Barci a Watan Disamba

Daga tsakiyar watan Disamba zuwa makon farko na Janairu, agogon birnin Legas yakan juya. Cunkoson motocin da aka saba gani da sassafe da kuma lokacin tashi daga aiki sai ya koma ƙarfe biyu na dare a titunan Victoria Island da Ikoyi da Lekki. Ɗakunan otal kan cika, kujerun jiragen sama kan yi wuya, mai gasa tsire kuma ba ya kashe wuta sai an kira assalatu. Matasa na kiran wannan lokaci da suna "Detty December", wato Disambar holewa, kuma a 'yan shekarun nan ya zama wani babban ginshiƙi na kasuwancin birnin.

Ga wanda ke zaune a Sakkwato ko Yola, abin zai iya zama kamar labarin wata duniya. Sai dai kuɗin da ke zagayawa a waɗannan darare na isa har kasuwannin dabbobi da gonakin tumatir na Arewa, kuma dubban 'yan Arewa mazauna Legas na cikin masu cin moriyar lamarin da masu ɗanɗana kuɗarsa.

Tushen al'adar

Sunan sabo ne. An samo shi daga kalmar Turanci mai nufin datti, wadda matasa suka lanƙwasa ta koma nufin shagali ba kama hannun yaro, kuma ana yawan danganta yaɗuwarsa da mawaƙi Mr Eazi. Amma al'adar kanta ta girmi sunan nesa ba kusa ba.

A shekarar 1972 aka buɗe Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere, wanda ya karɓi baƙuncin Wasannin Afirka karo na biyu a 1973. Bayan shekara huɗu, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977, Legas ta saukar da dubban mawaƙa da makaɗa da marubuta daga sassan duniya domin bikin al'adun baƙar fata da aka fi sani da FESTAC. Da rana ana taro a Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu, da dare kuma baƙi da yawa sukan zarce gidan rawar Fela Anikulapo-Kuti mai suna Afrika Shrine, inda kiɗa ke kai wa asuba.

Ƙwallon ƙafa ma ya bar tarihinsa. A ranar 22 ga Maris, 1980, a filin Surulere, Najeriya ta doke Aljeriya da ci uku da nema ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko, a gaban Shugaba Shehu Shagari. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya, kuma birnin ya kwana yana murna. Shekara ashirin bayan haka, a Fabrairun 2000, a wannan fili dai Kamaru ta ƙwace kofin a bugun fenareti, aka watse jiki a sanyaye. Tun wancan zamani Legas ta saba da cewa babban wasa ba ya ƙarewa a fili, sai ya malalo kan titi.

Abin da ya hura wutar a yanzu

Dalilai uku ne suka haɗu suka mayar da Disamba yadda yake a yau.

Na farko shi ne bunƙasar kiɗan Afrobeats. Burna Boy ya ci kyautar Grammy a 2021, a shekarar kuma Wizkid ya cika zauren O2 na Landan dare uku. A 2023 Burna Boy ya cika filin wasa na London Stadium. Mawaƙan da ke shafe shekara suna zagaye Turai da Amurka sukan dawo gida a Disamba, kowa ya shirya nasa wasan, ta yadda a mako guda ana iya samun manyan wasanni kusan kowane dare.

Na biyu shi ne 'yan Najeriya mazauna ƙetare. Hutun Kirsimeti da sabuwar shekara ya zo daidai da tsananin sanyi a Ingila da Amurka da Kanada, kuma shi ne lokacin bukukuwan aure da taron dangi a Kudu. Ghana ta nuna yadda ake cin ribar wannan da shirinta na "Shekarar Komawa Gida" a 2019, wanda ya ja baƙar fata daga ƙetare zuwa Accra. Legas ta shiga gasar da ƙarfinta.

Na uku shi ne darajar naira. Kafin watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460. Bayan sakin farashin canji, a 2024 ta haura naira 1,500. Ga mai karɓar albashi da dala ko fam, Legas ta yi araha matuƙa. Ga mai karɓar albashi da naira kuwa, komai ya yi tsada. Wannan giɓi shi ne asalin yawancin ƙorafin da ake ji game da lokacin.

Yadda daren ke gudana

Shagalin ba iri ɗaya ba ne, kuma ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. A Victoria Island akwai wasannin da ake yi a babban zauren otal ɗin Eko, irin su Rhythm Unplugged da aka fara tun 2004. A nan tikitin tsayuwa daban, teburin manya daban, kuma teburi guda na iya kai miliyoyin naira. A Dandalin Tafawa Ɓalewa akwai The Experience, taron waƙoƙin coci na kwana da aka fara a 2006, wanda shiga kyauta ne. Gwamnatin jiha ma ta sha shirya nata bikin ƙarshen shekara a yankunanta biyar na gargajiya, wato Ikeja da Badagry da Ikorodu da Tsibirin Legas da Epe, domin waɗanda ba su da kuɗin tikiti su samu rabonsu. A Ikeja kuwa, sabon Afrika Shrine da 'ya'yan Fela suka buɗe a 2000 yana ci gaba da kiɗa, ko da yake babban bikinsa na Felabration a watan Oktoba ake yi.

A ɓangaren wasanni, abin lura shi ne cewa yawancin shauƙin ba a filin wasa yake ba. Filin Surulere ya daɗe da lalacewa, kuma Super Eagles sun fi buga wasanninsu na gida a Uyo. Gidajen kallon ƙwallo ne suka maye gurbin. Disamba lokaci ne da gasar Firimiyar Ingila ke jera wasanni kusa da kusa, kuma wasan da aka take da ƙarfe takwas na dare a Ingila, ƙarfe tara ne a Najeriya. Ana tashi wajen sha ɗaya, daidai lokacin da gidajen rawa ke fara cika. Mai kallon ƙwallo yana fitowa, mai zuwa wasan waƙa yana fita, sai su haɗu a titi guda da teburin mai shayi guda. Kofin Afirka na Maroko, wanda aka buɗe a ranar 21 ga Disamba, 2025, ya ƙara haɗa harkokin biyu a mako ɗaya.

Bayan Disamba ma birnin ba ya hutawa. A watan Fabrairu ake gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016, inda 'yan tsere suka sha ratsa Gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12. Gasar ƙwallon dawaki ta Ikoyi tana karɓar ƙungiyoyi daga Kano da Kaduna, sannan a Oktoban 2025 Legas ta zama birni na farko a Afirka da ya karɓi tseren jiragen ruwa masu aiki da lantarki na E1.

Su wane ne ke cin moriya

Idanu sun fi karkata ga mawaƙa da masu otal, amma kasuwar dare tana da rassa da yawa. Akwai direbobin haya, masu gadi, masu ɗinki, masu gyaran gashi, masu ba da hayar janareto da lasifika, masu POS da masu shara.

A cikin wannan jeri 'yan Arewa na da babban gurbi. Tsiren da ake ci a Obalende da ƙofofin gidajen rawa, yawanci hannun Bahaushe ne ya gasa shi. Shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba da ke Agege daga Arewa da maƙwabtan ƙasashe ake kawo su. Tumatir da albasa da tattasai da ke shiga girkin bukukuwa ta kasuwar Mile 12 suke bi. 'Yan canji na samun ciniki daga baƙin da suka zo da kuɗin waje. Ga ɗan ci-rani da ke zaune a Agege ko Idi-Araba, cinikin makonni uku na iya zama kuɗin taki ko na ɗinkin Sallar iyali a gida.

Sai dai ba kowa aka bari ya ci kasuwar ba. A watan Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa da Tsibirin Legas da Ikeja da Surulere, waɗanda su ne cibiyar shagalin. Matasan Arewa da yawa da suka dogara da wannan sana'a sun rasa unguwannin da suka fi kawo kuɗi.

Su wane ne ke ɗaukar nauyi

Biki ba ya rasa mai wanke tukunya. Mazauna birnin kan koka da yadda kuɗin mota da na hayar gidajen kwana da na abinci ke tashi a wannan lokaci, wani lokaci kuma farashin ba ya komawa yadda yake bayan baƙi sun tafi. Ma'aikacin da zai fita da asuba yakan tarar da hanyar Lekki a cushe da masu dawowa daga rawa. Jiragen ƙasa na cikin gari guda biyu, wanda ya fara aiki tsakanin Marina da Mile 2 a 2023 da wanda ya fara tsakanin Agbado da Oyingbo a 2024, sun rage wahala a wasu yankuna, amma babu wanda ya isa Lekki a cikinsu.

Akwai kuma matsalar ƙara. Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta ƙayyade yawan ƙarar da aka yarda da ita a unguwannin zama, kuma takan rufe gidajen rawa da wuraren ibada da suka karya ƙa'ida. Hukumar NDLEA na fama da shaye-shaye a wuraren holewa, yayin da hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ke ƙara sintiri a watannin ƙarshen shekara saboda tuƙi cikin maye da gudun wuce sa'a. Masu sayen tikiti ma na da nasu kuka: sau da yawa a rubuta wasa zai fara ƙarfe bakwai, mawaƙi bai hau dandamali ba sai biyu ko uku na dare.

Batun rai

Mafi girman abin da ke cikin haɗari shi ne rayukan jama'a. Yawancin manyan wasannin ana yin su ne a zaurukan otal da filaye da bakin teku, wuraren da ba a gina su tun farko domin irin wannan cincirindo ba. Abubuwan da suka faru a wasu garuruwa sun isa izina.

A Afrilun 2017, wayar wutar lantarki ta faɗa kan wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba lokacin wasan Manchester United da Anderlecht, mutane suka rasu. A Disamban 2022, yayin bikin Kalaba, wata mota ta kutsa cikin 'yan kallo a Bogobiri, unguwar Hausawan garin, ta hallaka mutane da dama. A Disamban 2024, yara 35 suka mutu a turmutsitsin wani bikin yara a Ibadan, kwanaki kaɗan bayan haka aka sake rasa rayuka a wuraren rabon abinci a Abuja da Okija. Ko a Landan, mutum biyu sun mutu a turereniyar da aka yi a ƙofar zauren da Asake ke wasa a Disamban 2022.

Darasin ɗaya ne a ko'ina. Turmutsitsi yakan faru ne idan jama'a sun fi ƙarfin wuri, ƙofofi sun yi kaɗan, an kuma bar mutane suna jira na sa'o'i kafin a buɗe. Bayan abin da ya faru a 2024, gwamnatin Legas ta ce duk taron da zai haura mutum 250 sai ya samu izini daga hukumar kula da lafiyar taruka ta jihar. Doka ce mai kyau, amma amfaninta ya rataya ne a kan bibiya: a ƙirga tikiti, a duba ƙofofin fita, a tabbatar akwai motar asibiti kafin a kunna lasifika.

Ga mai niyyar halarta, ko mai kasa kaya a bakin ƙofa, akwai matakan da ba sa bukatar kuɗi. Ya lura da ƙofar fita tun da ya shiga. Idan ya ga an fara matsi, ya ja gefe tun da wuri. Kada ya shiga motar direban da ya sha. Ya kuma riƙe lambobin gaggawa na jihar, 112 da 767.

Sauran birane na kallon Legas da sha'awa. Kalaba tana da bikinta tun 2004, Abuja na ƙoƙarin jan masu shirya wasanni, Kano da Katsina da Zariya kuma suna da hawan Sallah, wanda ke tara dubban jama'a da baƙi daga ƙetare bisa tsarin al'adarsu. Kowane gari da irin shagalin da ya dace da ɗabi'unsa, amma bukatun taro iri ɗaya ne: hanya, haske, tsaro da tsari. Garin da ya tanadi waɗannan kafin ya gayyato jama'a, shi ne zai ga baƙinsa sun koma gida lafiya, sun kuma dawo baɗi.