Cajin Banki da Ƙarancin Kuɗi: Ina Alhakin Ɗan Majalisa Ya Tsaya?

A Kasuwar Zamani ta Jimeta da kasuwar shanu ta Ngurore, koken da aka saba ji duk lokacin da aka fito da sabuwar ƙa'idar kuɗi shi ne: "Ina waɗanda muka zaɓa suke?" Ɗan kasuwar da ya ga banki ya yanki wani abu daga asusunsa, ko mai sana'ar POS da ya rasa tsabar kuɗin ba abokan cinikinsa, wakilinsa na Abuja yake fara tuhuma.

Wannan fushi yana da tushe, sai dai ya kamata a rarrabe abin da ke hannun Majalisar Tarayya da abin da ke hannun Babban Bankin Najeriya, CBN, domin mai ƙorafi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Abin da ke hannun CBN

Dokar CBN ta 2007 ta ba bankin 'yancin gudanar da aikinsa, yayin da dokar bankuna da sauran cibiyoyin kuɗi ta 2020 ta ƙarfafa ikonsa na sa ido kan bankuna. Saboda haka bankin ne ke ƙayyade kuɗin da za a iya cirewa a mako da cajin na'urar ATM, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a majalisa ba.

Sauya fasalin naira ya nuna hakan ƙarara. A ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan CBN na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tare da sanya 31 ga Janairu, 2023 a matsayin wa'adin tsofaffin. Majalisun biyu sun nemi a tsawaita wa'adin, har Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Alhassan Ado Doguwa, amma kwana goma kacal aka ƙara.

A ƙarshe Kotun Ƙoli ce ta warware matsalar a ranar 3 ga Maris, 2023, bayan ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa. Dalili kuwa shi ne matsayar da majalisa ta cimma a zaurenta ba ta da ƙarfin doka, shawara ce mai nauyin siyasa.

A jiha irin Adamawa, inda cinikin dabbobi da hatsi ya dogara sosai da kuɗi a hannu, makonnin nan sun bar tabon da mutane ba su manta ba.

Abin da ke hannun majalisa

Akwai kuma cajin da majalisa ce da kanta ta haife shi. Naira 50 da ake cirewa idan an tura naira 10,000 zuwa sama ta samo asali ne daga Dokar Kuɗi ta 2020, wadda majalisun biyu suka amince da ita.

Haka harajin tsaron intanet. A shekarar 2024 majalisa ta gyara dokar laifukan intanet, ta sanya harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan hada-hadar kuɗi ta na'ura, wato naira 500 a kan kowace naira 100,000. Da CBN ya umarci bankuna su fara cirewa a watan Mayun shekarar, jama'a suka yi caa, sai Majalisar Wakilai ta nemi a janye umarnin. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da harajin, bankin ya janye takardarsa.

Ga masu suka, wannan ihu ne bayan hari: waɗanda suka zartar da dokar su ne suka dawo suna neman a tsayar da aiwatar da ita. A nan, mai zaɓe yana da cikakken haƙƙin tambayar wakilinsa ko ya karanta ƙudurin kafin ya amince.

Bayan yin doka, Majalisar Dattawa ce ke tantance gwamnan CBN da mataimakansa, kuma sashe na 88 da na 89 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun ba majalisun ikon bincike da gayyatar jami'ai. Majalisa na iya gyara dokar CBN ɗin kanta.

Hanyoyin da mai ƙorafi ke da su

Mazaunin Yola ko Jimeta yana da wakilai biyu a Abuja: sanatan Adamawa ta Tsakiya, da ɗan majalisar mazaɓar Yola ta Arewa, Yola ta Kudu da Girei. Kowannensu na iya gabatar da rubutaccen koken ɗan mazaɓarsa a zaure, daga nan a miƙa shi ga kwamitin ƙorafe-ƙorafen jama'a.

Idan kuwa banki ne ya yi cajin da ya saɓa ƙa'ida, ana fara kai ƙara wurin bankin a rubuce. In ya gaza warwarewa, sai a garzaya sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, wanda ke da reshe a Yola.

Akwai kuma kiranye. Sashe na 69 ya tanadi cewa sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa sun sanya hannu, hukumar INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba-gardama cikin kwana 90. Sharaɗin yana da tsauri. Yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye a 2018 ya ruguje tun a matakin tantancewa.

Hanya mafi tasiri ita ce zaman jin ra'ayin jama'a, wanda kwamitoci ke yi bayan karatu na biyu na ƙuduri. Hausawa na cewa tun ran gini, tun ran zane. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu POS a Jimeta za su fi cin riba idan suka aika da matsayarsu a rubuce a wannan mataki, sannan suka nemi wakilinsu ya bayyana musu inda ya tsaya kafin a kaɗa ƙuri'a.