Taswirar Da Yaranmu Suka Haddace

Ya ku iyaye da 'yan uwa masu karatu, daga garin Hawata da ke bakin kogin Rahad, a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, muke aiko muku da wannan bayani. Al'amari ne da muka ɗauka sha'anin yara ne kawai, sai da muka zauna da su muka gane ya shafi kowane magidanci.

Wata rana bayan sallar la'asar muka tarar da ɗan yayanmu, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, ya duƙufa a zaure yana zane a bayan littafinsa na makaranta. Taswirar wata ƙasa ce, da duwatsunta da gaɓar tekunta da sunayen biranenta, kuma da ka yake zana ta, ba ya duban komai. Da muka tambaye shi wace ƙasa ce, sai ya ce, "Baffa, ai Hammerfell ce, ba a duniyar nan take ba, a cikin wasan bidiyo take." Muka yaba da kyawun zanen, sa'an nan muka ce ya juya takardar ya nuna mana hanyar da kakannin mahaifinsa suka biyo daga ƙasar Hausa har suka iso nan. Yaro ya yi shiru, can ya ce shi dai ya san daga yamma aka zo. Wannan shirun ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Wasan da ake jira

Sunan wasan The Elder Scrolls VI, wato kashi na shida na wani jerin wasanni da kamfanin Bethesda na Amurka ya fara fitarwa a 1994. Irinsu ake kira wasan shiga rigar jarumi: mai wasa zai zaɓi ƙabilarsa da kamanninsa da sana'arsa, a sake shi cikin wata duniyar almara, ya yi fatauci ko farauta, ko ya shiga yaƙi, ko ya nemi ilimin sihiri, duk yadda ya ga dama. Kashi na biyar, mai suna Skyrim, ya fito ran 11 ga Nuwamba 2011, kuma zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 60. A watan Yunin 2018 kamfanin ya sanar da kashi na shida da wani ɗan bidiyo na daƙiƙa 36, wanda bai nuna komai ba sai duwatsu da bakin teku da sunan wasan, babu sunan ƙasa, babu ranar fitowa. Tun daga lokacin masoyansa a duniya suke ta hasashe, kuma mafi rinjayen hasashen shi ne a Hammerfell za a yi shi.

A garinmu, inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuma kwamfuta mai ƙarfi sai gidan wane da wane, yawancin yaran da ke wannan jira ba su taɓa buga Skyrim da hannunsu ba. A wayar salula suke kallon waɗanda ke bugawa suna sharhi da Larabci, su kuma su haddace. Idan sun haɗu a shagon da ake biyan kuɗi a buga wasan ƙwallo a PlayStation, a nan ake musu a kan yaushe zai fito da kuma abin da za a gani a ciki.

Yadda ake gina duniyar da babu ita

Yana da kyau iyaye su san abin da ke kama zuciyar yaro a irin wannan wasa, domin faɗa da takobi kaɗan ne daga ciki. Masu ginin sun ƙirƙiri nahiya sukutum mai suna Tamriel, suka kasa ta larduna, kowane lardi da yanayinsa da abincinsa da irin gininsa da sarautarsa. Sun yi mata kalanda da tarihin dauloli, sun ƙago harsuna har da haruffan rubuta su. A cikin Skyrim kaɗai akwai ɗaruruwan littattafai da mai wasa zai iya ɗauka daga kan kanta ya buɗe ya karanta, wasunsu ma suna ƙaryata juna, kamar yadda marubuta tarihi na gaske suke yi. Abin da ya fi jan hankali shi ne duk dutsen da ka hango daga nesa kana iya tafiya ka je gare shi, kuma a hanya za ka tarar da kango ko rijiya ko kabari mai labari. Da haka ne wuri yake zama a kan yaro, domin da ƙafarsa ya taka shi, ko da kuwa ƙafar ta cikin allo ce.

To, ita Hammerfell ƙasa ce ta hamada da tashoshin jiragen ruwa, mazaunin wasu baƙaƙen fata da ake kira Redguard, gwanayen takobi, waɗanda aka ɗebo suturarsu da gininsu daga Afirka da ƙasashen Larabawa. A labarinsu, asalinsu wata ƙasa ce a yamma mai suna Yokuda, wadda ta nutse a teku, suka yiwo ƙaura zuwa gabas. Bayan sun zauna sai suka rabu biyu: ɓangare guda ya riƙe al'adun kakanni da ƙarfi, ɗayan ya cuɗanya da maƙwabta ya ɗauki ɗabi'unsu. Akwai ma wani birni a ƙasar mai suna Rihad, wanda yaranmu ke yi wa dariya suna cewa sunan koginmu aka ara.

Duk Bahaushen Sudan da ya ji wannan labari zai ji kamar da shi ake. Mu ma daga yamma aka zo, kuma a gidajenmu har yau ana jayayya tsakanin mai cewa lallai yaro ya iya Hausa da mai cewa Larabci ya ishe shi. Saboda haka ba mu ga laifin yaranmu ba don sun ƙagu su ga jarumi mai launin fatarsu, sanye da rawani, a tsakiyar labari.

Abin da muke fata, da abin da muke tsoro

Fatanmu na farko shi ne idan har hamada za a gina, a gina ta da mutanenta. Mun saba ganin mai rawani a fina-finai da wasanni a matsayin ɗan fashi ko sojan haya, hamada kuwa fili ne na kunama da ƙasusuwa. Wanda ya san Agadas, da hasumiyar masallacinta ta laka da aka gina tun farkon ƙarni na 16, ko ya ji labarin ayarin gishirin Bilma, ya san hamada tana da alƙalai da malamai da madugai da dokokin rabon ruwa. Wasan Assassin's Creed Mirage da ya fito a Oktoban 2023 ya nuna ana iyawa idan an so, domin ya gina Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa da taimakon masana tarihi, aka kuma sa masa muryoyin Larabci.

Na biyu, kada a mai da abin da muke girmamawa kayan ado. Wannan tsoro yana da dalili. A Oktoban 2008 kamfanin Sony ya ɗage fitar da wasan LittleBigPlanet a duniya baki ɗaya bayan an gano cewa wata waƙa da aka sa a ciki tana ɗauke da lafuzzan Alƙur'ani. A Nuwamban 2021 kuma masu wasan Call of Duty: Vanguard suka nemi gafarar Musulmi, suka cire hotunan shafukan Alƙur'ani da aka warwatsa a ƙasa a wani fage na wasan. A duka biyun, maganar da masu wasa suka yi da hujja ce ta kawo gyara, kuma wannan darasi ne ga samarinmu: wanda ya ga ɓarna ya faɗa da ilimi da ladabi.

Na uku ya rataya a wuyanmu ne, mu iyaye. Duniyar Tamriel tana da gumakanta da wuraren bautarsu. A Skyrim mai wasa yana iya taɓa wurin bauta ya sami abin da wasan ya kira albarka, kuma akwai aikin da ba ya kammaluwa sai ya sadaukar da ran abokin tafiyarsa ga wani shaiɗani. Hukumar da ke tantance wasanni a Turai ta sa masa alamar shekara 18, ta Amurka kuwa 17 zuwa sama. Wannan lamba tana jikin kwalin wasan, tana kuma shafin da ake sayar da shi, kuma bai kamata uba ya bar ɗan shekara goma sha biyu da abin da masu shi da kansu suka ce na manya ne ba. Shi kuwa saurayin da ya kai, ya kamata ya ji daga bakin mahaifinsa ko malaminsa bambancin da ke tsakanin tatsuniya da aƙida. Kakanninmu sun ba mu labarin Dodo da Gizo da Ƙoƙi da dare, da asuba kuma suka tashe mu salla, ba mu taɓa rikita biyun ba, saboda mai ba da labarin yana zaune tare da mu. Sai kuma batun lokaci: irin wannan wasa yana iya cin sa'o'i ɗaruruwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Gidan da bai sa iyaka ba, salla da karatu da barci ne za su biya.

Tamu taswirar

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan abin da yaro ke so shi ne hanya mai nisa da birane masu ganuwa da jarumai, to muna da su, kuma namu sun faru da gaske. A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita da jama'a masu ɗimbin yawa suka nufi gabas, aka yi gumurzu a Burmi a watan Yuli na shekarar, inda ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira da sunansa. Kafin su da bayansu, dubban maniyyata sun bi hanyar Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan a ƙafa da kan jaki, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su tara guzuri, suna nufin Sawakin don su ƙetare Bahar Maliya. Wasu tafiyar ta ɗauke su shekaru, wasu kuma ƙasar ta riƙe su, suka zauna suna noman dawa da riɗi, suna kamun kifi a Rahad, kogin da ke cika da damina idan ruwa ya sauko daga tsaunukan Habasha, da rani kuma ya tsinke ya zama tafkuna. Mu ne jikokinsu.

Ko a fagen almara ba mu da talauci. Akwai rijiyar Kusugu ta Daura da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, na 1934, labari ne na mutumin da ya bar gida ya ratsa garuruwa neman wani ruwa mai magani, wato dai ginshiƙin da ake ɗora irin waɗannan wasanni a kai. Kuma kada a ce aikin ya fi ƙarfin 'yan Afirka: a Afrilun 2016 wasu matasa a Yawunde ta Kamaru, ƙarƙashin kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba, suka fitar da wasan Aurion, wanda suka gina duniyarsa daga al'adun Afirka, duk da matsalar ɗaukewar wuta da ƙarancin jari.

Akwai dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa a gare mu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu 2023, miliyoyin mutane sun bar gidajensu, kuma a tsakiyar 2024 jiharmu ta karɓi waɗanda suka gudo daga Sinja da Dindir. Iyalai sun warwatsu, tsofaffin da ke riƙe da labarin zuwanmu suna ta ƙarewa, kuma abin da ba a rubuta ba yana bin mai shi kabari.

Shawararmu ga magidanta

Kada mu fara da ƙwace waya. Mu zauna kusa da yaro mu ce ya nuna mana wannan duniya tasa, mu saurara, domin wanda aka saurara shi ma yakan saurara. Mu duba alamar shekaru kafin a sayi wasa ko a sauke shi. Mu yanka lokaci sananne wanda ba ya cin salla ko makarantar allo ko ta boko. Sa'an nan mu ba shi aiki irin wanda yake so: ya je wurin kakarsa da takarda da alƙalami, ya tambaye ta garin da aka taso, da zangon da aka yada, da inda aka binne wane, ya zana.

Haka muka yi da ɗan yayanmu. Ya kwana uku yana zuwa ɗakin kakarsa bayan magariba, ya dawo da taswira mai zango goma sha ɗaya, wasu sunayen ma mu kanmu ba mu taɓa jin su ba. Bai daina jiran wasansa ba, mu ma ba mu ce ya daina ba. Sai dai yanzu yana tambayar yadda ake koyon ginin wasa a kwamfuta, ya ce akwai wata hanya da yake son mutane su bi da ƙafarsu.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Sudan da sauran ƙasashenmu lafiya. Amin. Wassalamu alaikum.