Bayan ɗori: raɗaɗin da ke bin tsofaffi a Nguru da Gashuwa

A Nguru da Gashuwa, kamar sauran garuruwan arewacin Yobe, idan tsohuwa ta zame a bakin rijiya ta karye, wurin mai ɗori ake fara nufa. Bayan 'yan makonni sai a cire karan ɗori, dangi su yi barka, ɗan da ke aiki a Abuja ya samu natsuwa. Abin da ba a cika ba shi labari a waya ba shi ne ciwon bai tafi ba.

Faɗuwa daga tsaye ba ta isa ta karya lafiyayyen ƙashi ba. Idan ta karya, alama ce ta zaizayewar ƙashi, cutar da ke cin ƙashi a ɓoye, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Gidauniyar duniya mai yaƙi da cutar ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku, da namiji ɗaya cikin biyar, waɗanda suka haura shekara 50, za su gamu da irin wannan karaya. Ta fi aukuwa a ƙugu da wuyan hannu da ƙashin baya. Ta bayan ita ce mai yaudara: ƙashin yakan lotsa ba tare da faɗuwa ba, tsoho ya rankwafa, tsawonsa ya ragu, a ce tsufa ne kawai.

Daga nan rayuwa take ƙuntata. Sujada ta gagara, tsugunno a bayan gida ya zama azaba, barci ya yanke. Mai tsoron sake faɗuwa yakan lizimci tabarma, zaman kuma ya ƙara raunana ƙashi da tsoka.

A nan ne kuɗin da 'ya'ya ke turowa kan yi ɓarna. Yawanci a kemis suke ƙarewa, wajen sayen Diclofenac ko Ibuprofen, a sha safe da yamma har tsawon watanni. Waɗannan ƙwayoyi suna illata ƙoda, suna kuma jawo gyambon ciki ga tsofaffi. Gashuwa kuwa ta daɗe da yin suna wajen yawan masu ciwon ƙoda, ciwon da shi kansa yake raunana ƙashi. Maganin da ke kwantar da ƙugu yana iya kai mai shi layin wankin ƙoda.

Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru tana kusa, haka asibitin gwamnati na Gashuwa. Karayar ƙugu mai bukatar tiyata kuma akan tura ta Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Hoton ƙashi, gwajin ƙoda kafin fara kowace ƙwaya, gashin ƙashi, da kalsiyam da bitamin D bisa shawarar likita, su ne suka cancanci kuɗin.

Sai dai inshorar NHIA ta ma'aikacin tarayya ta ƙunshi shi ne da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki, sai an yi musu rajista daban an biya.